Nisan majigi da allo a gidan kallon ƙwallo

Ɗan'uwa, kana tambayar nisan da za ka bari tsakanin majigi da allonka mai inci 100. Ka ba shi kamar mita 3 da ɗan ɗoriya. Inci 100 ɗin nan daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, ainihin faɗin allon mita 2.2 ne, to ka duba takardar majigin akwai wata lamba da ake kira tiro reshiyo, ita za ka ninka da faɗin, in 1.5 ce ka ga mita 3.3 ke nan, in kuma irin na kusa ne mai 0.5 mita 1.1 ma ya isa.

Amma don Allah kar ka huda silin sai ka ɗora shi kan tebur ka kunna ka gwada tukuna, kuma gilashin gabansa ya saitu da tsakiyar faɗin allon sosai. Ni nawa na fara kafa shi a gefe saboda fanka, hoton ya karkace, da na miƙar da shi da kiston, wato saitin da ke cikin majigin na gyara hoton da ya karkace, sai rubutun maki da minti ya dushe, 'yan bencin baya suka yi ta ƙorafi har sai da na cire fankar na dawo da shi tsakiya.