Goggo, ga amsar tambayarki kan kayan da nake ɗinkawa a Landan

Goggo, ina gaishe ki da kyau, ya jikin Baffa? Na saurari saƙonki har sau uku kafin na zauna rubutu. Wanda ya kai miki labarin cewa ina ɗinka wa 'yan rawar dare kaya bai yi ƙarya ba, rabin zance ya kawo. Kin tambayi wace irin rawa ce, ko yaranmu na nan sun shiga. Ba zan ɓoye miki komai ba.

Sunanta burlesk, daga kalmar Italiyanci mai nufin barkwanci, kuma da barkwanci ta fara. A 1868 wata Baturiyar Ingila, Lydia Thompson, ta kai tawagar mata New York suna sa kayan maza suna kwaikwayon manya ana dariya. Cire tufa a Amurka aka ƙara shi daga baya, har magajin garin New York, La Guardia, ya rufe gidajen wasan a 1937. Abin ya kwanta, sai a shekarun 1990 ya sake tashi. Yau mace takan fito da shiga ta alfarma, kiɗa na tashi, ta riƙa rage kayan ɗaya bayan ɗaya tana wasa da 'yan kallo. Ba a tsirara take ƙarewa ba, amma abin da ke saura a jikinta ba sutura ba ce a wurinmu.

Yadda ake shiga ya ba ni mamaki, don na zaci lalacewa ce kawai ke kai mutum. Aji ake shiga na yamma, na wasu makonni, a biya kuɗi. Ranar gamawa ɗalibai su yi wasa gaban 'yan uwa da abokai. Daga nan yarinya ta zaɓi sunan dandali, ta haɗa wasa guda na minti huɗu ko biyar, ta yi ta maimaita shi wata da watanni. Sabuwa takan fara da kwashe kayan da manya suka yar a dandali, kamar yadda na fara da share ƙyallaye a shagon telan da ya koya mini ɗinki a Zariya kafin ya bar ni na taɓa keke. Masu hankalinsu suna shiga ƙungiyar 'yan wasa ta Equity saboda inshora, su yi rajistar haraji a matsayin masu aikin kansu. Wadda ba ta kai shekara 18 ba ba ta shiga, ɗan kallo kuma ba ya taɓa mai wasa. Kuɗi kam babu na kirki a farko. Cikin masu zuwa wurina akwai nas, akwai mai aikin banki, kayan wasan ma da albashinsu suke saye.

Ni ta hanyar ɗinki na san su. Wata ta shigo shagona a unguwar Peckham ta ga rigar amarya da na jera wa duwatsu, ta ce tana son irinta amma ta buɗe da ja ɗaya. Na yi mata, da maɓallan ɗosawa a gefe maimakon zif. Kwana tara na yi ina ɗiga gam da tsinke ina ɗora dutse, sai da idona ya yi ja. Ita ta fara kawo mini gashin jimina na haɗa mata manyan mafitai biyu. Goggo, da na buɗe kwalin sai figinin Sarkin Kano ya faɗo mini a rai, ranar hawan Daushe. Irin gashin nan fatake suka riƙa ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus ya wuce Turai. Rawar mafitan kuwa Sally Rand ce ta yi suna da ita a Shikago a 1933.

Sau ɗaya na je na gani da idona, don in san inda aikin hannuna ke zuwa. Mata sun fi yawa a zauren, wasu da furfura. Na ga gwaninta, ba zan hana su ita ba. Amma da aka zo ƙarshe na sunkuyar da kai, ban kuma koma ba. Na kai maganar wurin malamar islamiyyarmu, muka daɗe a kai. Abin da na tsayar shi ne: doguwar riga, alkyabba, safar hannu da mafici ina yi, ƙananan kayan ciki na ƙarshen wasa ba na karɓa ko nawa ne. Akwai matanmu da suke ganin ko rigar ma bai kamata ba, wata ta daina kawo mini ɗinkin Sallah. Ban riƙe ta ba, tana da hujjarta.

Yaranmu kuwa, ni dai ban ga Bahaushiya a wannan dandali ba. Ba mu da yawa a nan kamar Yarabawa, kowa ya san kowa, abin da aka yi da la'asar kafin isha ya isa Kano ta WhatsApp. Amma ba tsoron surutu kaɗai ba ne. Muna da namu filin. In ana biki, ranar kamu mukan kama zaure mu rufe ƙofa, mata zalla, mai sa kiɗa ma mace, a tattara wayoyi a kwando a bakin ƙofa. A kife ƙwarya a ruwa, a cire gyale, ki ga likita da lauya suna juyi ana liƙa musu fam biyar-biyar. Wadda ta iya rawa a nan take nunawa, a nan ake yaba mata.

In yarinya ta nuna son dandali, ba a yi mata tsawa. Doka a nan tana ba ta ikon kanta da ta cika 18, uwar da ta matsa sai ta rasa 'yar gaba ɗaya, mun ga hakan ya faru. Goggo ko inna ake turawa ta zauna da ita. Jikarki ma ta taɓa cewa tana son wasan kwaikwayo. Na sa ta ajin Asabar, ina kai ta ina ɗauko ta. Da wata mai burlesk ta zo gwajin riga, na bar ta ta riƙe mini allurai, ta ji da kunnenta nawa aka kashe da nawa ake samu. Da matar ta fita ta tambaye ni ko zan je kallonta in ita ce. Na ce mata a'a, kuma zan yi kuka, amma ƙofar gidana ba za ta rufu ba. Yanzu hasken dandali take koyo a kwaleji, da ɗankwalinta.

Atamfarki da man zafin Baffa suna hannun Hajiyar da za ta taso ranar Laraba. Ki kira ni in sun iso.