Kujerar da ta ci mini jika 150

Ka ce kujerar da ka ɗora cikin hoton falon nan da ka zana a kwamfuta tana shawagi kamar ba ta taɓa ƙasa ba, wai ko laifin kwamfuta ne. Ba ruwan kwamfuta, ɗana. Ba ka sa mata inuwar gindi ba, ƴar siririyar nan mai duhu daidai inda ƙafa ta haɗu da tayil. Yadda ake fitar da inuwa a shafinta daban daga V-Ray, manhajar da ke fitar da hoton zanen da haskensa, a kai Photoshop inda ake gyaran hoto kuwa, ba zan ɓata bakina ba. Wata shida kana zaune kusa da ni.

Kujera ce ta taɓa cuta ta. Wani Alhaji ɗan kasuwa yana gini a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi, muka yi tsada jika 250 in zana masa hotunan yadda falonsa zai kasance, ya ba da 100 kafin alƙalami. Kwana tara ina kan zanen falonsa, ana ɗauke wuta ina jira. Daren ƙarshe ya turo mini hoton wasu kujeru da ya gani a Dubai, ya ce su yake so a ciki. Na yanko na ɗora, barci na cin idona. Ashe a shagon da aka ɗauki hoton haske daga hagu yake zuwa, tagar Alhaji kuma tana dama, tana kallon yamma. Sai ga inuwar kujera ta nufi taga, tana bin rana!

Ɗansa ne ya gani, yaron da bai gama sakandare ba. Alhaji ya kama wannan ya riƙe, ya ce aiki bai yi ba. Na roƙe shi ya ba ni awa biyu in gyara, ya ce ya fasa. Hotunan kuwa suna cikin wayarsa, don ni da hannuna na tura ta WhatsApp, ba tambari ba komai. Bayan salla na je suna gidan Alhajin, wallahi falona na shiga. Silin ɗin, fitilun bango, har launin labule. Ya ba ni hannu muka gaisa ko kunya babu. Har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci.

Ku ƴan yanzu kun fi ni saurin danna maɓalli, amma ba wanda zai ajiye waya ya kalli yadda ranar la'asar take kwanciya a tsakar ɗaki. Rana tsaka a Maradi tana bisa kai, da ƙyar take leƙa taga. In hazon hunturu ya sauko, bakin inuwa laushi yake yi. Kuma inuwa ba baƙa ƙirin ba ce, tana ɗaukar launin bango da na ƙasa. A ma'aunin launin haske da ake rubutawa da K, hasken taga wajen 6500K yake, ƙwan falo mai ruwan ɗorawa 2700K zuwa 3000K, kai kuma ka shafe su launi ɗaya kamar ɗakin asibiti.

Jawo kujera nan, ka nuna mini inda tagarka ta fuskanta kafin ka sake taɓa komai.