Jarina ya karye, abokina ya ɗauke ƙafa

TAMBAYA: Malam, shekara da shekaru ni da abokina muna saro albasa a Marwa muna kaiwa Yawunde. Bara jarina ya karye, tun daga nan ya ɗauke ƙafa daga gidana. Ɗana da ke ajin ƙarshe a sakandare, inda ake koya musu falsafa, ya ce a wurin masanan Girka dama can wannan ba aboki ba ne. Haka ne?
Wani ɗan kasuwa, Garwa

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Yaron naka ya yi karatu, amma ya tsananta. Aristotal yake nufi, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma shafe kusan shekara 20 a makarantar malaminsa Aflatun a birnin Atina. Shi kuwa bai kore abokin kasuwa daga sahun abokai ba. Abota uku ya lissafa: ta amfani, ta jin daɗi wadda ya ce ta fi yawa a matasa, sai ta halin kirki, inda kake so wa mutum alheri don shi kansa, ko da ba ka samun ko dala a hannunsa.

Taku ta fi kama da ta farkon. Mota ɗaya kuke yi wa lodi, ku raba kuɗin direba, ku ƙirga riba a tabarma ɗaya. Abota ce, amma albasar ce igiyarta. Aristotal ya lura cewa ƙorafi ya fi yawa a irin wannan, domin kowa gani yake shi ne ya fi bayarwa. Inda zuciya ke ciwo, in ji shi, shi ne mutum ya ɗauka don halinsa ake son sa, ashe don amfani ne. Ina jin nan ne ƙayar ta soke ka, kuma ban raina wannan ciwon ba.

Duk da haka ya ce tsohon aboki yana da haƙƙin zaman da aka yi, sai fa in mugunta ce babba ta raba ku. Ba ka ce ya ci kuɗinka ba. Wataƙila ma nauyinka yake ji, shi yana lodi kai kana gida. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ka taka ka gaishe shi, kada ka ta da zancen jari ko rance. Yadda ya tarbe ka zai nuna maka wace iri ce tsakaninku.