Za a bar ni in shiga da hijabina?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata mai zuwa zan je Basalona ta ƙasar Sifaniya taron aiki, abokan tafiyata suna son mu ziyarci cocin Sagrada Familia. Za a bar ni in shiga da hijabina? Kuma ya cancanci kuɗin tikitin? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shiga da hijabinki, hankali kwance. Dokarsu ta hana hula a ciki, amma ta keɓe rufe kai na addini. Masu buɗaɗɗun kafaɗu da kaya shara-shara su ake tsayarwa.

Ki sayi tikiti ta intanet tun kafin ki tashi, domin kowa da lokacin shigarsa, kuma tikitin kan ƙare. Ni dai shawarata ki zaɓi bayan la'asar. A lokacin ne rana ke ratsa gilasan yamma, ja da ruwan lemo su malale a kan ginshiƙan da mai zanen cocin, Antoni Gaudi, ya tsara kamar bishiyoyi masu rassa. Wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗin. An fara ginin a 1882, Gaudi ya karɓe shi a 1883, ya rasu a 1926 bayan jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari ya buge shi, kuma a ƙarƙashin cocin aka binne shi. Ba a gama ginin ba tukuna, da kuɗin tikitin baƙi da gudummawa ake ci gaba da aikin.

Wurin ibadar mutane ne, ki sassauta murya. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, riƙe jakarki ta gaba, 'yan sane sun yi yawa.