Zagaye Ayislan da yara a mako ɗaya, zai yiwu?

Malama, kin tambaya ko mako ɗaya zai ishe ku zagaye Ayislan, ƙasar nan ta tsibiri a arewacin Turai, a mota da yara. Gaskiya ban ba ki shawara ba. Babbar hanyar da ta kewaye tsibirin ta haura kilomita 1,300, yaran za su gaji tilis. Ku tsaya a kudu kawai, daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, zuwa garin Vik, tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai.

A kan wannan hanya, a Seljalandsfoss, ana bi ta bayan ruwan da ke zubowa daga dutse, sai dai ku sa rigar ruwa, don jiƙewa za ku yi sharkaf. A bakin tekun Reynisfjara kuwa, don Allah ki riƙe hannun yaran gam. Igiyar ruwan wurin ta sha janye mutane, har da manya.