Tambayi Likita: Ƙurar ɗaki da hayaƙin tsofaffin kayan wuta

Likita, maigidana mai gyaran talabijin ne a Yamai, rabin ɗakinmu tsofaffin talabijin ne da rediyo. Yarona ya fara rarrafe, an kuma ce mini akwai guba a robarsu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, 'yar'uwa. Masana'antu sun daɗe suna zuba wasu sinadarai cikin robar talabijin da kwamfuta da soson kujeru don kada su yi saurin kama wuta. Waɗanda aka fi sani su ne PBDE. Cuɗa su kawai aka yi da robar, ba su kama ta ba, shi ya sa in kaya ya tsufa ko ya sha zafi irin namu na bazara, sai su riƙa fita kaɗan-kaɗan suna bin ƙura. Mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. In sun shiga jiki sukan zauna cikin kitse shekara da shekaru, kuma bincike ya danganta su da rikicewar aikin tayirod, wato ƙullutun gaban wuya, da tauye kaifin ƙwaƙwalwar yara. Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta hana wasunsu a 2009, ta ƙara da wani a 2017, amma mu kayan gwanjo muke saye, da yawansu an ƙera su tun kafin hanin.

Ki lallaɓi maigida ya kwashe kayan nan daga inda kuke kwana, ko da zaure ne ya mayar da su. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge da tsumma mai danshi, don busasshiyar tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. A wanke wa yaro hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Ina shayarwa, na ji suna shiga nono. In yaye ɗiyata?

A'a, kada ki yaye ta. Suna shiga nono, an tabbatar da haka, amma amfaninsa ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Zawo da tamowa suna cikin manyan abubuwan da ke ɗauke mana jarirai a ƙasar nan, nono kuwa na kare su daga waɗannan. Nono zalla wata 6, sannan ki ci gaba har shekara 2.

Ina ƙona wayoyin lantarki a wajen Katako don cire jan ƙarfe. In na tashi nakan sha madara ta wanke gubar. Ya isa?

Ƙanena, wannan tambaya ta fi taɓa ni, don na san neman halak kake. Madara abinci ce, ba ta wanke komai daga huhu ko jini. Ƙona robar nan na haifar da dayoksin, gubar da ta fi PBDE ɗin da na ambata muni, ga dalma a cikin hayaƙin. Tokar ma ba ta ƙyale kowa ba: a Agbogbloshie ta birnin Akara, wani rahoto na 2019 ya nuna an auna ƙwan kajin da ke kiwo a inda ake ƙona irin waɗannan kaya, aka iske dayoksin mai yawan gaske a ciki. Fere wayar da wuƙa ya fi cin lokaci, na sani, amma shi nake roƙonka ka koma. Ka bar tufafin aiki a wurin aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaranka. In tari ya kai maka sati 2, je asibiti a duba ƙirjinka.