Ga mai tambayar shimiyo da wankan jego

Assalamu alaikum. Ƴar'uwa, na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce an fara miki shimiyo, maganin kansa da ake sawa ta ƙarin ruwa, saboda ciwon dajin mama, ɗiyarki kuma ta yi haihuwar fari za ta zo gida wanka, kina son sanin ko za ki iya ɗaukar jaririn, ko ki ce ta zauna ɗakinta, ko kuwa ki ɗage ƙarin ruwan har a yi arba'in. Barka da arziki tukuna. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya, ke kuma ya sa kaffara ne. Ni ma nan Maradi nake, kuma yadda ya zo miki haka ya zo mini, jika da jinya a tafi guda.

Don Allah kar ki ɗage. Kwana 21 ɗin nan da suke sakawa tsakanin ruwa da ruwa ba da ka aka yi shi ba. Lokaci ne da jininki zai farfaɗo, amma ciwon bai samu sararin sake yin ƙarfi ba. In kika ƙara kwana arba'in a kai, shi kika ba hutu. In likita ya duba analiz, wato gwajin jini, ya ga jini ya yi ƙasa ya ce a jinkirta, wannan daban ne. Amma ke da kanki, saboda wanka ko suna ko bakin mutane, a'a.

Batun ɗaukar yaro kuwa, ki ɗauki abinki. Ciwon daji ba ya bin hannu, ba ya bin numfashi, ba ya bin kwano. Ina rubuta wannan raina yana ɓaci, don a kan maganar nan aka yi mini abin da har gobe ban manta ba.

Ranar sunan jikana ban daɗe da dawowa daga Yamai ba. Suma ta riga ta zube, na ɗaura kallabi biyu don kar a gane, bakina duk gyambo, ko ƙanshin miya ba na so. Amma na tashi na yi wanka na sa sabon ɗinki, na fito rumfa na zauna cikin mata, don ɗan ɗiyata ne ta fari, shekara nawa ina roƙon Allah ya nuna mini wannan rana. Wata maƙwabciya ta kawo shi ta aza mini bisa cinya. Ko kallonsa ban gama ba sai ga gwaggonsa, yayar ubansa, ta ratso mutane da sauri ta zare shi. Ta ce in bari dai in warke, wai jariri ba shi da ƙwari. Gaban kowa. Sannan ta kama bakin zaninta ta goge masa kumatu daidai inda na taɓa. Wallahi gogewar nan ta fi zarewar ciwo. Mata suka yi tsit, kowa ta sunkuyar da kai. Ɗiyata tana daga ƙofar ɗaki tana gani, ga kunyar ɗan fari, ga dangin miji cike da gida, ba ta iya cewa komai ba sai hawaye. Can an jima na lura kofin da na sha kunu da shi an kai shi gindin katanga an kife, ba a haɗa shi da sauran wanke-wanke ba. A cikin gidana fa. Gidan da na aurar da yarinyar.

Kuma ba baƙuwa ba ce matar nan. Lokacin da mijinta ya rasu ni na zauna mata zaman makoki, ni na riƙa aika mata abinci har ta fita takaba. Bayan suna ba ta tsaya nan ba, ta bi dangi tana cewa jifa aka yi mini, wai a raba yaro da gidan kar abin ya shafe shi. Har ta kai ga ce wa ɗiyata ta rage ba shi nono tunda ciwon a jininmu yake. Ki ji fa. Alhali shayarwa tana cikin abubuwan da ke rage wa mace haɗarin ciwon mama, kuma ba abin da ya kai nonon uwa ga jariri. Har yau ba ta ce mini yi haƙuri ba. Muna gaisawa in an haɗu wajen biki, na bar ta da Allah, amma ban iya cewa zuciyata ta wanke. Daren nan ban runtsa ba. Amai bai sa ni kuka ba, zubewar suma ba ta sa ni ba, ranar da aka cire mini mama ma na daure. Wannan mata ita ta sa ni.

Da na koma Yamai na ba ma'aikaciyar da ke sa mini ruwa labari. Ita ta zaunar da ni ta fahimtar da ni cewa an juya zancen ne: ba yaron ake karewa daga gare ni ba, ni ake karewa daga mura da tarin jama'a. To ga yadda na riƙa yi, ki kai wa likitanki ki ji ta bakinsa, don ba kowa ake ba magani iri ɗaya ba.

Kwana biyun farko bayan ruwa maganin yana fita ta fitsari da amai da zufa. In jan ruwan nan ake sa miki za ki ga fitsari ya yi ja, kar ki firgita, launin maganin ne. A kwanakin nan ki zuba ruwa sosai a bayi bayan kin shiga, a wanke kayanki daban, ki wanke hannu da sabulu, in kina zufa ki shimfiɗa tsabtataccen zani tsakaninki da yaron. Daman ba ki da ƙarfin ɗaukarsa a lokacin, kwanciya ce kawai. Abin da ya fi haɗari shi ne daga kwana na 7 zuwa na 14, lokacin da sojojin jini suke faɗuwa ƙasa. Kina iya jin garau alhali jikinki gida ne ba ƙyaure. Nan ne ƴan barka suke zama matsala, mai tari, mai mura, mai goyon yaro da ƙyanda ko ƙaranbau, kowa sai ya miƙo hannu. Ki sa takunkumi, ki gaisa daga nesa, wadda za ta ji haushi ta ji. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi ki ajiye kusa da matashi. In ya kai 38, ko tsakar dare ne a nemo adaidaita a kai ki asibiti, ki ce musu kina kan shimiyo. Kar ki ce masassarar sauro ce ki haɗiyi farasitamol ki ja bargo. Ko ita ce ma, a gwada jini a gani. Ki kwana cikin gidan sauro, ke da mai jego duka, balle da damina.

Akwai wani abu da ba a cika faɗi ba. Ɗigon shan inna da ake sa wa jariri a baki, tun na haihuwa da na sati 6, 10 da 14, yana fita cikin kashinsa na wasu makonni. Kar a hana shi rigakafi saboda ke, ko kusa. Ke dai ki bar wa wasu canjin kunzugu da wankinsa.

Sati na uku bayan ruwa shi ne naki. Abinci ya fara shiga, ƙafa ta fara ɗauka. Ni da hantsi nake sa a shimfiɗa mini tabarma, a aza matashi a cinyata a ɗora jikan bisa, don hannun da aka yi wa aiki ba a son ya ɗauki nauyi, yana kumbura. Faratana sun yi baƙi ƙirin da magani, kan yatsuna sun mutu har ba na jin maɓalli, amma in ya damƙe yatsan nan da ɗan tafinsa ina ji sarai. Ina kiransa maigida, ina ce masa ina kuɗin cefane, yana ta miƙa. Da ya yi wayo ya fara kai hannu, wata rana ya fizge kallabin, ya tsaya yana kallon kaina, sai ya fashe da dariya yana shafawa. Daga ranar ban ƙara ɗaura kallabi biyu cikin gida ba. Duk sanda na shiga mota zuwa Yamai, kilomita ɗari shida da wani abu, a wuce Gidan Rumji, a wuce Konni, a wuce Dogon Dutse, cikina yana juyawa tun kafin in ga allurar, hotonsa a waya nake kallo. Ban ce shi ya warkar da ni ba, har yanzu ina zuwa ana dubawa. Amma akwai ranakun da don shi na ci abinci.

Wankan kansa kar ki ce sai ke. Hura wuta, hayaƙi, sauke tukunyar ruwan zafi, dama kunun kanwa safe da marece, ba naki ba ne bana. Ni ƙanwata na kira daga Tibiri ta zo ta zauna har arba'in. Ita ke aikin, ni ke zaune ina cewa a ƙara kaza a rage kaza, kuma ba wanda ya ce ba ni na yi wa ɗiyata wanka ba. Ki bari ta zo gida. In kika ce ta zauna can, za ta kwana tana tunanin jikinki ya rikice ne ake ɓoye mata, mai jego kuwa ba ta son tashin hankali.

Kuma ki yi hattara da masu zuwa barka da ƙullin magani. Kowa da malaminta, kowa da mai sassaƙenta. Na ga mata a layin asibiti da aka shafa wa abu a mama har ya fashe, sai da ya ci ya cinye aka kawo su. Addu'a kam ki riƙe ta da hannu biyu. Amma duk abin da za a jiƙa a ba ki, ki tambayi likita tukuna, hantarki tana da aikin da ya ishe ta. Nonon da ba a dafa ba da latas ɗanye ki haƙura da su a satin da jini ke ƙasa. Gyambon baki kuma ruwan ɗumi da ɗan gishiri da bikarbonat nake kurkurawa, na bar yaji kwata-kwata, kunu da ƙwai da romo su suka riƙe ni.

Na san kuɗi ma suna cikin abin da ke sa ki tunanin ɗagewa, ga hidimar suna ga ta mota. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin kansar mata kyauta ne, ki riƙe takardunki duka cikin leda guda ki tambayi haƙƙinki. Amma ki tanadi na mota da masauki da abinci, da na ranar da za a rubuto miki ordinas, takardar magani, ki saya waje. In an ce bayan ruwa sai gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura, tun 2021 ana yin sa a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, ba sai an fita waje kamar da ba. Shi ma gashin ba ya bin ki gida, kina dawowa kina iya rungumar yaro. Kar a ci bashi don a yi suna na a gani a faɗa, ki gaya wa maigidanki da ƴaƴanki maza wannan tun yau.

Ba ki faɗi ranar da aka sa miki ruwan ƙarshe ba. Ki ƙirga ki gani ko suna zai faɗo cikin sati na biyu. In ya faɗo, ki zauna cikin ɗaki taga buɗe, ki sa mace guda mai bakin magana a ƙofa, a kawo miki yaron da sassafe kafin gida ya cika.